Jaka Ɗaya, Babur Ɗaya: Sana'ar Mai Hoto a Gonakin Kura da Bunkure

Wanda ya saba ganin mai ɗaukar hoto a ɗakin biki a Kano, fitilu biyu a tsaye, kyamara a kan ƙafafunta uku, yara suna jan waya, zai ɗauka yawan kaya shi ne sana'ar. A gonakin noman rani na Kura da Bunkure lissafin daban yake. A can mota tana da iyaka. Da an sauka daga titin Kano zuwa Zariya aka kama hanyar da ke bin gefen kanal, sai babur. Da babur ya kai bakin ƙaramar magudana, sai ƙafa, a kan gaɓar fangali da mutum biyu ba sa iya jerawa. Abin da mai hoto ya iya ratayawa ya tsallake ruwa da shi, shi ne shagonsa na wannan rana. Shi ya sa ake gane gwani a wannan yanki tun bai danna kyamara ba, daga yadda ya shirya jakarsa da abin da ya yarda ya bari a gida.

Filin aiki

Ruwan da ya raya yankin daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Yana bi ta Ruwan Kanya ya shiga babbar kanal, daga nan ya rarrabu zuwa ƙanana har ya isa gona, gangara kawai ke tura shi. An tsara kashin farko na shirin ban ruwan a kan kadada 22,000 a ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Da damina shinkafa ce ke rufe ƙasa. Da rani kuma ga alkama, ga tumatir, ga albasa da masara, ga wata shinkafar. Wurin da ba a daina noma, ba a daina hidima, kuma duk hidima a yau tana neman hoto.

Masu kiran mai hoto iri-iri ne. Akwai na gida: ɗaurin aure, suna, saukar Alƙur'ani, hawan salla, naɗin sarauta. Akwai na gona: kamfanin iri ko na taki da ya yi gonar gwaji yana son shaida, jami'an gona da ke taron nuna wa manoma sabon iri, masu bincike da ke zuwa tashar Kadawa ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, 'yan jaridar da suka kwararo a 2016 lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir, a shekarar da masana'antar tumatir ta Ɗangote ta fara aiki a Kadawa. Akwai ɗan siyasar da ya zo rabon injin ban ruwa, da dillalin shinkafa a Kura ko na tumatir a Kwanar Gafan da ke son ɗan bidiyon da zai tura wa abokin ciniki a Legas. Wayar hannu ta kwashe ƙananan ayyuka da yawa, don yanzu manomi da kansa yake ɗaukar gonarsa ya tura ta WhatsApp. Abin da ya rage wa mai sana'a shi ne aikin da waya ba ta iyawa: hoton da za a buga a babban allo, murya mai fita tas a tsakiyar iska, da fuska mai kyau a ƙarƙashin ranar tsaka.

Abin da ke shiga jaka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da dare ake baje kaya a tabarma, kuma tambayar farko ita ce wane aiki za a je, sannan tafiyar ƙafa nawa ce bayan an sauka daga babur. Kyamarorin da suka fi yawa a hannun masu sana'a na hannu ne, Canon da Nikon da 'yan Sony, kuma jikin babbar kyamara irin Canon 5D shi kaɗai ya kusa kilo 1. Gilashin da ake ɗaura mata ne ke da rigima. Dogon nan mai zuƙo nesa, 70 zuwa 200, wanda kowane yaro ke mafarkin mallaka, ya kai kilo ɗaya da rabi. Matsakaici, 24 zuwa 105, gram 700 ne zuwa 800. Ɗan ƙaramin nan mai lamba 50 bai kai gram 200 ba, ga shi da araha, ga shi yana gani a ɗaki mai duhu.

Wanda ya daɗe a harkar yakan ɗaura matsakaicin tun daga gida, ya jefa ɗan ƙaramin a aljihun jaka, ya bar dogon sai in akwai dalili: hawan doki, ko taron da ba za a bar shi ya matsa kusa da babban baƙo ba, ko garken tsuntsayen jan-baki da ya sauka a shinkafa. Dalilinsa ba nauyi kaɗai ba ne. Duk lokacin da aka cire gilashi don a sauya wani, cikin kyamara a buɗe yake, kuma a wurin casar shinkafa ko a tsakiyar hunturu ƙura ba ta jiran izini. Ƙwaya ɗaya in ta zauna a cikin kyamara, za ta fito a matsayin ɗigo a sararin samaniyar kowane hoto har a tashi. Gilashi ɗaya da zai wuni a ɗaure ya fi uku da za a yi ta musanyawa.

Ƙafar kyamara mai rassa uku ita ce ta biyu da ake jayayya a kanta. Mai ƙarfi ta kai kilo 2 zuwa 3, ba ta zama lafiya a babur, kuma a cikin taɓo nutsewa take yi. In hira za a ɗauka mai tsawo, dole a tafi da ita. In ba haka ba, sanda mai ƙafa ɗaya ta wadatar, ko a jingina gwiwar hannu a kan buhun shanshera. Fitilun ɗakin hoto kuwa ba su da wurin zama a gona. Faifan mayar da haske mai naɗewa, wanda bai fi nauyin hula biyu ba, shi ke korar inuwar da malafa ke jefawa a fuskar manomi. Makirufo ɗan maƙalawa a wuyan riga, da gashin da ke tare masa iska, ba a barin su, domin mutane sukan haƙura da hoto mai ɗan duhu amma ba sa haƙura da muryar da iska ta cinye.

Ƙaramin jirgi mara matuƙi ya shigo sana'ar da ƙarfi, kuma ba mamaki: daga sama ne kaɗai ake ganin yadda kanal ta tsaga ƙasa, kore a wannan gefe, busasshiyar ƙasa a wancan. Ƙananan samfurin DJI ba su kai gram 250 ba, amma da batiransu da abin sarrafa su sai su cika rabin jaka. Ga kuma doka, don tashin irin wannan jirgi a Nijeriya yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa.

Akwai kuma kayan da ba na hoto ba, waɗanda sabon shiga ke mantawa. Takalmin roba mai tsawo, saboda ruwan kanal yana ɗauke da tsargiya. Leda mai kauri da za a naɗe kyamara in hadari ya taso. Sai ruwan sha. Gorar lita ɗaya da rabi nauyinta ɗaya da dogon gilashin nan, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wanda ya bar ruwa ya ɗauki gilashi ba zai kai azahar yana iya riƙe kyamara ba tare da hannu ya yi rawa ba.

Masu irin wannan lissafi a ƙarshen duniya

Abokan sana'ar mai hoton Kura da suka fi kowa sanin wannan zaɓi suna can inda babu gonaki, a nahiyar Antatika. Wasu kamfanonin da ke kai mutane ta jirgin sama daga garin Punta Arenas na ƙasar Chile zuwa tsibirin King George, tafiyar kamar awa biyu, suna ƙayyade wa kowa kilo 20, har da jakar hannu. A cikin wannan ne tufafin sanyi za su ci rabonsu kafin a zo kan kyamara. Duk alhajin da ya taɓa tsayawa gaban sikeli a Jidda yana fitar da dabino da darduma daga jaka ya san irin wannan ciwon. Ga kuma dokar jiragen sama a kan batir: na ajiya ba ya shiga babbar jaka, sai ta hannu, kuma wanda ƙarfinsa ya haura awa-wat 100 sai da izinin kamfani.

Tun kafin jirgin sama ma haka abin yake. Frank Hurley, ɗan Ostareliya, shi ne mai hoton ayarin Ernest Shackleton da ya tafi Antatika a 1914 cikin jirgin ruwa mai suna Endurance. Ƙanƙara ta kama jirgin a tekun Weddell a Janairun 1915, ta yi ta matse shi har suka fice daga cikinsa a ƙarshen Oktoba, ya nutse a ranar 21 ga Nuwamba. Shackleton ya ce kowa kada kayansa na kansa su wuce laba biyu, wato ƙasa da kilo 1, ya kuma fara da kansa, ya zubar da tsabar zinariyarsa a kan ƙanƙara. A zamanin a kan farantan gilashi ake ɗaukar hoto. Hurley ya koma cikin jirgin da ruwa ya riga ya ci, ya tsamo farantansa, suka zauna shi da Shackleton suka zaɓi kimanin 120. Sauran, wajen 400, fasa su ya yi nan take, don kada zuciya ta raya masa ya koma ya ɗauka. Manyan kyamarorinsa ma a nan ya bar su. Da 'yar ƙaramar Kodak ta aljihu da naɗin fim uku ya ƙarasa tafiyar, ya ɗauki hotuna 38, kuma da su ne duniya ta ga zamansu a tsibirin Elephant, inda suka samu mafaka. Dukansu 28 sun tsira da rai.

Kafin su, a tseren isa tsakiyar kudancin duniya, gwanin hoto Herbert Ponting yana cikin ayarin Robert Scott, amma kayansa sun fi ƙarfin doguwar tafiyar. Sai ya koya wa wasu daga cikin masu tafiyar, ya tsaya a sansani. Hoton da aka sani na Scott da mutanensa huɗu a Janairun 1912, Henry Bowers ne ya ɗauka ta hanyar jan zare yana zaune cikinsu. Ayarin Roald Amundsen na Norwe, da ya riga su isa a ranar 14 ga Disamba, 1911, shi ma da 'yar kyamarar Olav Bjaaland ya kawo shaidarsa. A duka tafiye-tafiyen uku, kyamarar da ta isa inda labari yake ita ce wadda aka iya ɗauka.

Sanyi can, zafi nan

Yawancin kyamarori an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40. Antatika tana ƙasa da wannan iyaka, Kura da bazara tana taɓa samanta. A can sanyi ke tsotse batir, shi ya sa ake ɓoye na ajiya a aljihun ciki, jiki ya ɗumama shi. A nan wutar lantarki ce ba ta da tabbas, don haka ake cika batir uku ko huɗu tun dare, a shagon masu caji ko da sola. Zafi kuma kyamarar kanta yake kamawa: ana tsakiyar ɗaukar jawabin shugaban manoma sai ta nuna alama ta mutu. Maganinta farin ƙyalle a lulluɓe, da kashewa tsakanin ɗauka da ɗauka, da kiyaye kada a bar baƙar jaka a kan babur cikin rana.

Raɓa ma ta haɗa su. Mai hoton ƙanƙara in ya shiga tanti mai ɗumi da kyamara mai sanyi, gumi ke keto mata ciki da waje, don haka yake ƙulle ta a leda har ta saba da ɗumin. Mai hoton da ya biyo motar baƙi mai sanyaya ciki daga Kano a watan Agusta, ya fito cikin gonar shinkafa mai tururi, zai tarar gilashinsa ya yi hazo daidai lokacin da ake gaisawa da dagaci. Wanda ya sani yakan sa jakarsa a but tun daga gari.

Haske shi ne na uku. Farin ƙanƙara yana ruɗar ma'aunin hasken kyamara, ta ga kamar haske ya yi yawa ta rage, sai hoto ya fito toka-toka. Haka take yi in ta fuskanci ruwan da ke kwance a fangali yana walƙiya, ko shinkafar da aka baza tana shan rana, ko Alhaji cikin farar shadda: rigar ta fito, fuskar ta nutse. Gwani yakan ƙara haske da hannunsa, ya auna daga fuska, ya ɗaura ɗan siririn gilashin da ke yanke ƙyallin ruwa, wanda nauyinsa bai taka kara ya karya ba. Bambancin shi ne lokaci. Da bazara a mafi yawan Antatika rana ba ta faɗuwa, mai hoto yana da sa'o'i. A Kano rana da ta fito take miƙewa sama, hasken safe mai taushi bai daɗe. Wanda ya tsaya warware kaya da kafa ƙafafu har hantsi ya dubi ludayi, ya rasa hoton masu dashe.

Koyo da ladabi

Yaro yana shiga sana'ar ne ta ɗaukar jaka, kuma wannan ba wulaƙanci ba ne, karatu ne. Wanda ya wuni da jaka a kafaɗa daga wannan gona zuwa waccan, ya dawo ya ga rabin abin da ke ciki ba a taɓa shi ba, gobe da kansa zai ce, "Maigida, wannan a bar shi mana." Daga nan sai riƙe faifan haske, sai goge gilashi, sai cajin batir da jera su, cikakku a aljihun dama, waɗanda suka ƙare a na hagu. Sai an ga hankalinsa sannan a miƙa masa kyamara a ƙaramin suna, daga baya a zaunar da shi gaban kwamfuta ya koyi tacewa.

Abu mafi wuyar koyarwa shi ne shiga mutane. Ba a faɗa wa gonar mutum da kyamara a ɗage. Sai an yi sallama, an ce, "Sannu da aiki, Baba, ya ruwa?" an saurari ƙorafin taki da na wanda ya tare ruwa a sama. Tambayar da za ta biyo baya sananniya ce: "Ina za a kai hoton?" Manomi yana da hujja, don ya sha ganin an ɗauki hotonsa da sunan tallafi, tallafin bai zo ba. Amsar gaskiya ita ce jarin mai hoto, domin gobe ma nan zai dawo. Matan da ke turara shinkafa kuwa yawanci a cikin gida suke aikinsu, kuma namiji baƙo ba ya shiga sai da izinin maigida, wani lokaci ma sam. Wannan ƙofa ce da ke buɗe ga mata masu ɗaukar hoto. A nan ma ƙanƙantar kaya tana da amfani: mutum mai jaka ɗaya baƙo ne da za a ba ruwa, amma ayari mai fitilu da wayoyi sai a ɗauka gwamnati ce ta zo, kowa ya gyara tsayuwa, hoton ya zama na biki.

Zaɓin ƙarshe

Akwai wani zaɓi da ake yi bayan an dawo shago, kuma a nan ne sana'ar ke da rauni. Memori yana da iyaka, faifan ajiya na kwamfuta yana da tsada. Da mai aiki ya karɓi hotunansa ya biya, abin da ya fi sauƙi shi ne a share komai a shirya wa aikin gobe. Hurley ya fasa faranti 400, amma sai da ya zauna ya zaɓi waɗanda za su rayu, kuma wasunsu suna nan a ajiye a Landan har yau. Mai sharewa ba tare da ya duba ba bai zaɓi komai ba.

Abin da ke bi ta cikin waɗannan kyamarori tarihin yankin ne: yadda ake jawo ruwa daga magudana da lanƙwasasshen bututu, yadda injin girbi ke karɓar aikin lauje, yadda kanal take kafin gyaran da aka yi mata da kuɗin Bankin Duniya ƙarƙashin shirin TRIMING da yadda ta koma bayansa, da fuskokin dattawan da suka ga zuwan ruwan Tiga da idonsu. Kura ta yi suna a rini da baƙin rawanin da Buzaye ke saye tun kafin ta yi suna a shinkafa, kuma duk mai son ganin wancan zamani ya san darajar hoto ko da guda ɗaya ne. Ba a ce mai hoto ya ajiye duk abin da ya ɗauka ba. Ya ware goma daga kowane aiki, da yardar mai aikin, ya rubuta sunan ƙauye da kwanan wata da abin da ake yi, ya ajiye a wuri biyu. Hukumar kogunan, da gidan tarihi na Gidan Makama, da sassan tarihi da aikin jarida na Jami'ar Bayero, duk suna da dalilin sayen irin wannan ajiya ko karɓarta amana. In aka fara biyan kuɗi a kan tsohon hoto, masu sana'ar za su daina share shi.